Kambas a Cikin Akwati: Atisayen Tseren Janairu da Tafiyarmu Ƙasar Maya

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a nan Amurka duk farkon Nuwamba. Mu masu gudun safe gaba ta kai mu: ina idar da asuba in ɗaura kambas, kafin in kai bakin babban titi gari ya fara haske. Masu gudun yamma ne suka shiga uku, don yanzu biyar da rabi magariba ta yi.

Abin da na sa a gaba shi ne rabin gudun yada ƙanin wani na birnin Houston, ranar Lahadi 19 ga Janairu. Kilomita 21.1 ne, kuma so nake in gama a ƙasa da awa biyu. Wato kowace kilomita a minti biyar da daƙiƙa 41, tun daga farko har ƙarshe. A baki abu ne mai sauƙi. Na haura arba'in, kuma ba sha'awa ce ta fara fitar da ni ba. Likita ce ta dubi sakamakon jinina ta ce in zaɓa, ko motsa jiki ko ƙwaya kullum. Sha'awar daga baya ta shigo, ta kuma kankane wuri.

Yau aka yi babban tseren New York, na kalla a waya ina wanke kwanoni. Abdi Nageeye, haifaffen Somaliya mai gudu da tutar Holan, shi ya ci a ɓangaren maza, kilomita 42 a awa biyu da minti bakwai da ’yan daƙiƙoƙi. Abin da nake fafutukar yi sau ɗaya, shi ya ninka shi a kusan lokaci guda.

Akwai ƙaya ɗaya a tsarin. Tun watan Yuli, a makon da guguwar Beryl ta bar mu cikin zafi babu wuta, uwargida ta yi rantsuwa bana sai ta huta, ta biya mana kuɗin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa zuwa Meziko. Kwanakin sun faɗo ƙarshen Disamba, daidai lokacin da ya kamata in yi gudu mafi tsawo. Da na buɗe baki zan yi magana, kallon da ta yi mini ya isa amsa. Mahaifiyarta ma ta iso daga Kano makon jiya, da ita za a tafi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Tsarin mako ya zauna. Talata gudun wuta a filin makarantar sakandaren unguwa, zagayen mita 400, a yi da ƙarfi, a numfasa, a sake. Alhamis sassarfa. Asabar dogon zango. Sauran ranakun na aiki ne da kai yara makaranta, da cefane, da gyaran famfon bayi da ya ƙi gyaruwa.

Houston gari ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu ko na magani. Masu son ƙarfafa cinya benen ajiye motoci suke hawa da asuba kafin ma'aikata su zo, su haura da gudu su sauko da tafiya. Na bi wasu abokan gudu yau mun yi haka a wani bene mai hawa shida. Warin taya da baƙin mai ne kawai, amma sharaɓa ta san an yi aiki.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kilomita 16 a Memorial Park. Zagayen wurin ya kusa kilomita biyar, kuma ba kwalta ba ce, tsakuwa ce niƙaƙƙiya mai taushi ga gwiwa, shi ya sa duk mai gudu a garin nan can yake ƙarewa. Tun da duhu mutane sun fito kamar da bakin ƙwarya: tsofaffi masu sanda, mata masu tura keken jarirai da gudu, samari masu wuce ka kamar kana tsaye. Na riƙe minti shida a kilomita ba tare da haki ba, na gode Allah.

Zuwan Hajiya ya sauya mini shiri. Ba zan ratsa falo da gajeren wando a gaban surukuwa ba, ko da kuwa ya rufe gwiwa. Sai in zura dogon wando da riga mai hannu in fita kamar mai zuwa masallaci, a mota nake sauyawa. Yau na dawo na tarar da ita tana lazimi, na durƙusa.

"Hajiya, ina kwana? Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. An dawo?"

Sai da na wuce na jiyo tana tambayar ’yarta ƙasa-ƙasa: "Wai shi wannan gudun, biyansa ake yi?" Uwargida ta ce a'a, shi ne ma yake biya. Hajiya ta yi shiru, carbi ya ci gaba da tafiya, can ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Asabar, 30 ga Nuwamba

Shekaranjiya aka yi bikin godiyar Amurkawa na cin talotalo. Mu ma Hausawan unguwa mun haɗu a gidan wani ɗan uwa, aka gasa talotalon da yajin ƙuli, aka kawo masa da miyar taushe, Hajiya ta yi mana dambun shinkafa da ya tashi kan kowa. An ci an yi nak.

Ƙaurina na hagu ya fara magana, wani zugi daga ciki idan na taka. Na juya takalmin na ga tafinsa ya suɗe ta gefe ɗaya. Masana gudu kan ce kambas ya kan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, nawa kuwa ya daɗe da wuce nan. Jiya ranar rangwame ce a shaguna, na sayi sabo. Na rage gudun yau zuwa rabi, na ɗora ƙanƙara.

Yau ne kuma ƙarshen lokacin guguwar teku a lissafin hukuma, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Uwargida ta tuna mini, wai don in san ba da ka ta zaɓi Disamba ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Zaman shawara bayan isha'i. Jirgin zai tsaya a wuri biyu, tashar garin Progreso da tsibirin Cozumel. Uwargida bakin teku take so, ta miƙe ƙafa ta sha iska. Auta duk inda akwai ruwan wanka ya yi masa. Babbar ’yata ce ta zo da shiri, don bara sun karanta tarihin mutanen Maya, mazauna yankin na asali, a makaranta. Ta baje taswirar kufan tsoffin biranensu a kan tebur: ga Dzibilchaltun nan kusa da tashar, ga Uxmal, ga Chichen Itza can ciki, sama da awa biyu a bas. Ta ce, "Abba, in dai za mu je har can mu dawo ba mu ga Chichen Itza ba, gara mu zauna a gida." Hajiya ta ce, "Kishiyar nan tawa akwai baki." Aka tashi a kan ra'ayin kishiya.

Ta hannun masu jirgin muka yanki tikitin bas ɗin, ko da yake ya fi tsada. Dalili ɗaya ne: idan motarsu ta makara jirgi zai jira, idan kuwa ka yi gaban kanka ka makara, sai dai ka hango bayansa.

Na tambayi limaminmu batun salla. Ya ce tafiya ce ta kasaru, kuma akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i. A tsaye za a yi in dai ana iya tsayuwa, a nemi alƙibla kafin a kabbara. Abinci kuwa mun yanke: kifi, ƙwai, ganye, shinkafa. Hajiya ta ce ita dai a saka mata garin kunun tsamiya da yajinta a jaka.

Ƙaurin ya yi sauƙi. Ranar Asabar zan gwada 18.

Asabar, 21 ga Disamba

Daga gida zuwa tsibirin Galveston, inda tashar jirgin take, awa ɗaya da ’yan mintoci ne. Tun daga kan gadar shiga tsibirin muka hango jirgin ya fi yawancin gine-ginen garin tsawo. Hajiya ta leƙa ta taga ta ce, "Wannan ai unguwa ce, ba jirgi ba." Layi, bincike, hoto, sannan atisayen ko-ta-kwana inda aka nuna wa kowa wurin da zai taru idan an busa ƙaho. Ɗakunanmu biyu ne a jere, ƙanana, amma komai tsaf. Kambas ne abu na farko da na fitar daga akwati, uwargida ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Da la'asar muka tashi. Kifayen dolfin sun raka mu har bakin mashigar, auta ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe.

Lahadi, 22 ga Disamba, a tsakiyar teku

A gida alƙiblarmu arewa maso gabas take, kuma ta zauna a kaina. A nan sai da na buɗe na'urar nuna alƙibla a waya, na kuma duba allon talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya dosa. Kudu maso gabas yake tafiya, alƙibla ta faɗo ta gefen hagu. Ruku'u ne mai wuya: kana sunkuyawa ƙasa ta ɗan janye, sai ka buɗa ƙafa.

Akwai hanyar gudu a can saman jirgin, shuɗiya, ta zagaye wurin wasan ƙwallo. Gajeriya ce ƙwarai, kafin ka yi kilomita ɗaya kanka ya fara juyawa. Rabin zagayen iska tana tura ka ta baya kamar za ka tashi, rabin kuma tana dukan ƙirjinka har hula ta nemi barin kai. Abin dariyar agogona ne. Da tauraron ɗan Adam yake auna tafiya, shi kuwa jirgi yana tsaga ruwa da gudun da ya haura kilomita 30 a awa, sai agogon ya haɗa nawa da na jirgin. A lissafinsa na karya tarihin duniya kafin karin kumallo. Na kashe shi na koma auna minti, na yi hamsin na sauko.

Da rana iskar arewa ta taso, jirgin ya fara rangaji. Uwargida ta kwanta da hajijiya, na yi ta kai mata shayin citta. Hajiya kuwa ko a jikinta. Ta samu kujera a inuwa kusa da taga, ta zauna da carbinta tana kallon Turawa suna gasa jikinsu a rana, ba ta ce komai ba, amma fuskarta ta faɗi komai.

Litinin, 23 ga Disamba, Progreso da Chichen Itza

Jirgi ba ya iya matsowa gaɓar Progreso. Duk yankin Yukatan faifan dutsen farar ƙasa ne, kuma ya shimfiɗu har ƙarƙashin teku, ruwan ba zurfi. Sai suka gina gada ta kutsa cikin teku sama da kilomita shida, tana cikin mafiya tsawo a duniya. Ina ganinta raina ya biya: miƙaƙƙiya, ruwa hagu da dama, zuwa da dawowa sama da kilomita 12. Ba a barin kowa ya taka ta da ƙafa, manyan motocin kaya ne ke bi. A bas muka wuce ina haɗiyar yawu.

Jagoranmu wani gajeren dattijo ne mai faɗin kafaɗa. Kafin mu fita gari ya nuna gabas ya ce nan kusa ne Chicxulub, inda masana suka ce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama shekara miliyan 66 da suka wuce, ya bar rami mai faɗin kusan kilomita 180, ya kawo ƙarshen dabbobin dinoso. Auta ya manne fuska da gilashi yana neman ramin. Babu abin gani, ƙasa ta binne shi tuntuni, sai kurmi gajere mai ƙaya har iyakar ido.

Abin da ya fi tsaya mini a hanyar shi ne babu kogi ko ɗaya. Ruwan sama yana sauka dutsen ya shanye, ya koma gudana a ƙarƙashin ƙasa. Inda rufin ya rufta sai a samu rijiya wadda ba mutum ya haƙa ba, kuma a bakin irin waɗannan rijiyoyi aka kafa garuruwa. Mun zagaye Merida, babban birnin jihar, ta bayan gari. Jagora ya ce Sifaniyawa sun kafa ta a 1542 a kan wani birnin Maya, da duwatsun dalolinsa suka gina babban cocinsu. Wani Ba'amurke ya tambaye shi ina mutanen Maya suka tafi. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna direba, ya ce da harshen yake magana da tsohuwarsa a gida. Sama da mutum dubu 700 ke jin harshen Maya na Yukatan a yau.

Kana fitowa daga cikin itatuwa sai ga babbar dalar dutse ta Chichen Itza a tsakiyar fili, babu abin da ya kare ta. Gani ya kori ji. Tsawonta da ɗakin da ke samanta mita 30 ne, fuska huɗu, kowace da matakala 91. Ka tara su ka ƙara dandamalin sama, ka samu 365, kwanakin shekara. A watan Maris da Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita, inuwar la'asar kan sauko ta gefen matakalar arewa kamar maciji yana gangarowa, har ta haɗu da kan macijin dutse da ke ƙasa. Jagora ya tsayar da mu a gaban matakalar ya tafa hannu, sai amsa ta dawo da wani siririn kuka kamar na tsuntsu. Yara suka yi ta tafi har tafinsu ya yi ja. Ba a hawa yanzu, an kusa shekara ashirin da hanawa, an kewaye da igiya. Cinyoyina sun so, amma da na dubi tsayuwar matakalar da ƙanƙantar wurin taka ƙafa, ban ji haushi sosai ba.

Hajiya ta daɗe tana kallo daga ƙarƙashin lema. Ta ce tana yarinya ta ga dalar gyaɗa a Kano, buhu kan buhu har sama. "Amma tamu ana ci," in ji ta. Na gaya mata birnin nan yana kan ganiyarsa a zamanin da tarihin sarakunan Kano ke cewa Bagauda ya hau mulki, shekara ta 999. Wannan ya fi shigarta, ta sake ɗaga kai ta duba.

Filin ƙwallonsu ya fi na ƙwallon ƙafa girma, mita 168 a tsawo, 70 a faɗi, bango biyu a miƙe, kowane da zoben dutse can sama wajen mita shida. Ƙwallon ta ɗanyen roba ce curarriya, mai nauyin kilo uku zuwa huɗu, kuma da ƙugu ake dukanta, ba hannu ba ƙafa. A jikin bangon an sassaƙa ɗan wasa a durƙushe an sare masa kai, macizai suna fita daga wuyansa a madadin jini. Har yau masana ba su daidaita ba kan ko wanda ya ci ne ko wanda aka cinye. Uwargida ta ja hannun auta ta yi gaba.

Inda na fi daɗewa wuri ne da yawancin mutane ba su lura da shi ba, don ’yan tireda sun cika shi hagu da dama, suna busa wani abu mai kukan damisa suna kiran dala ɗaya, dala ɗaya. Hanya ce daga filin dalar zuwa babbar rijiyar tsafi, wajen mita 300. Ginanniya ce: an jera manyan duwatsu a gefe, an cika tsakiya da ƙanana, an ɗaga ta sama da ƙasa, a da kuma an shafe ta da farar ƙasa sumul. Jagora ya ce irinta sun ratsa yankin ko'ina, mafi tsawo ita ce wadda ta tashi daga Koba zuwa Yaxuna, kudu da inda muke tsaye kaɗan, kilomita 100. Mutanen nan ba su da doki, ba jaki, ba raƙumi, ba shanun huɗa, ba amalanke. Duk dutsen da ke jikin hanyar a bayan mutum ya zo, da igiya a goshi. Kuma duk abin da ya bi ta kanta, gishiri ne, ko koko, ko saƙon sarki, ko rundunar yaƙi, da ƙafa ya bi. Ni da na saba raba titi da motoci, ina gudu a gefe kamar mara gaskiya, ban taɓa tsayawa a kan babbar hanyar da tun asali don tafin ƙafa aka yi ta ba. Na yi lissafi a tsaye: tseren da nake ta shiri tun Nuwamba, sai an yi shi kusan sau biyar kafin a kai ƙarshenta, a wannan zafi, ba kambas.

Rijiyar kanta faɗinta mita 60 ne, ruwan kore shar can ƙasa, sama da mita 20 daga baki. Wani jami'in jakadancin Amurka, Edward Thompson, ya sayi gonar da kufan ke ciki, ya yashe rijiyar daga 1904 zuwa 1910. Ya fito da zinariya, da duwatsu masu daraja, da turare, da ƙasusuwan mutane har da na yara, ya kwashe da yawa zuwa gidan tarihin jami'ar Harvard. Na tsaya a bakin ina riƙe da hannun auta da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Gwanintar lissafin taurari da jefa yaro a rijiya, duk mutane ɗaya ne suka yi, ba na kuma jin ɗaya ya goge ɗaya.

’Yata ta so sayen ƙaramin mutum-mutumi, uwarta ta ce ba za a shigar mata da gunki gida ba. Aka daidaita a kan farar riga mai surfanin furanni a wuya, irin ta matan yankin.

A wurin cin abinci kusan komai da alade, har waken ma da kitsensa ake dafawa, sai da muka tambaya. Muka tsaya a kan shinkafa da soyayyar ayaba da wainar masara. Sai ga wani jan abin sha a tulun gilashi. Hajiya ta kurɓa ta dube ni ta ce, "Malam, ai zoɓo ne." Shi ne kuwa, ba citta ba kanumfari. Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓorodon da ake nomawa a Jigawa da Kano, ba mamaki wanda ta sha daga can ya riga ta zuwa. Ta sha kofi biyu ta ce sukarin ya yi yawa.

Ban yi gudu yau ba. Ƙafafuna sun ce sun yi.

Talata, 24 ga Disamba, Cozumel

Jihar nan tana gaban agogon jirgi da awa ɗaya, aka yi ta gargaɗi kada a bi na waya. Hajiya da uwargida da auta suka nufi bakin teku. Ni da ’yata muka ɗauki tasi zuwa San Gervasio a tsakiyar tsibirin.

Bayan Chichen Itza wurin ƙarami ne, gine-ginen gajeru, sauro kuma ba ya wasa. Amma babu cunkoso, sai manyan ƙadangaru masu kama da damo suna shanya a kan duwatsu. Nan ne wurin bautar Ixchel, wadda suka ɗauka uwar haihuwa da magani, mata kan tsallako daga babban yanki a kwalekwale don ziyara. A wani ɗaki akwai shatin ƙananan tafukan hannu da jan launi a bango, ’yata ta daɗe a wurin. Ita ce ta ba ni labarin Diego de Landa, limamin kiristan da ya tara littattafan Maya ya ƙone a garin Mani a 1562, har yau huɗu kacal suka rage a duniya. Tana faɗa muryarta na rawa don haushi. Na ga alamar kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

A nan ma akwai farar hanyar, ta ratsa ƙarƙashin wata ƙofa mai baka ta shige kurmi, ba kowa a kai. Shafen ya tafi tuntuni, sai duwatsu masu kaifi a zube. Na ce bari in ɗan taɓa sassarfa a kanta. Taku kaɗan na yi na ji agarata ta nemi gurɗewa, na koma tafiya. Saura ƙasa da wata ɗaya tsere.

Alhamis, 26 ga Disamba

Mun sauka Galveston da safe cikin hazo. Jiya na koma saman jirgi na yi awa ɗaya da rabi, har wani ma'aikaci mai goge ƙarfe ya fara ɗaga mini yatsa duk zagaye. Sikelin gida ya ce na ƙara kilo ɗaya da rabi. Har yanzu ƙasa tana ɗan yi mini rangaji idan na tsaya. Wanki ya taru kamar ba za a gama ba.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Dogon gudu na ƙarshe, kilomita 19 a gefen rafin Buffalo Bayou. Goma na farko a hankali, sauran a kan gudun tsere. Na riƙe har 17, daga nan numfashi ya fara gardama. Da sauran rina a kaba, amma ƙaurin bai ce komai ba, wannan ya fi mini komai. Daga yau sai ragewa: gudu kaɗan, barci da yawa, tuwo ba laifi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Sanyi kamar ruwa zai daskare, ga iskar arewa mai ratsa riga. Ƙarfe biyar na isa babban zauren George R. Brown inda ake taruwa, dubban mutane a zaune a ƙasa suna shafa man zafi. Na samu lungu bayan wurin ajiye jaka na yi asuba, wani ɗan Pakistan ya gan ni ya zo muka yi jam'i, kowa da lambarsa a ƙirji. Na sa tsohuwar rigar sanyi da niyyar yarwa a hanya, ban yar ba sai bayan kilomita biyar.

Rabin farko ya tafi daidai, har da rarar ’yan daƙiƙoƙi. Mutanen gari sun fito da barguna da kwalaye masu rubutu, wasu na miƙa lemo, wasu na kaɗa ganga. Da hanya ta juya arewa iskar ta tare mu gaba da gaba, na laɓe bayan wani dogon mutum na bi shi kamar inuwa har ya gaji ya tsaya. Daga kilomita 17 rarar ta narke. A titin Allen Parkway ana hango dogayen benayen tsakiyar gari amma sun ƙi matsowa. Na ba da abin da ya rage. Agogo ya tsaya a awa biyu da minti ɗaya da daƙiƙa 12.

Ban shiga ƙasa da biyun ba, amma ban taɓa yin wanda ya kai wannan ba. A can gaba kuwa an yi abin kallo: Addisu Gobena na Habasha da Conner Mantz na Amurka sun shigo kafaɗa da kafaɗa, dukansu 59:17, aka ba ɗan Habashan. Mantz ya karya tarihin Amurka na 59:43 da Ryan Hall ya kafa a garin nan tun 2007. Lokacin da suke shan ruwa ni ko rabi ban kai ba.

A gida na miƙa wa Hajiya lambar da aka rataya mini. Ta juya ta gaba da baya, ta auna nauyinta a tafi.

"Na nawa aka zo, Malam?"

Na ce ai mu dubbai ne, Hajiya, ina can tsakiya.

"Wannan ɗin kowa aka ba?"

"Kowa, in dai ya gama."

Ta miƙa wa auta ta ce, "Ungo, angona, ajiye wa babanka." Sannan ta sa aka dama mini kunu mai zafi, ta ce a ƙara tsamiya.

Laraba, 22 ga Janairu

Jiya dusar ƙanƙara ta sauka a Houston, abin da ake shekaru ba a gani ba. An rufe makarantu da filayen jirgin sama, yara suka kwashe murfin kwandon shara suna sulu a kai. Ni saukowa daga matakala ma da baya nake yi, cinyoyi sun ƙi lanƙwasuwa, farcen babban yatsa ɗaya ya yi baƙi.

Azumi zai kama a farkon Maris, don haka Fabrairu sassarfa ce kawai, in ya shigo kuma gudun ya koma bayan tarawihi. ’Yata ta ce baɗi za ta shiga na kilomita biyar da ake yi ranar Asabar kafin babban tseren. Uwarta ta ce sai an ga sakamakon jarrabawa tukuna. In ƙanƙarar ta narke za mu gwada zagaye ɗaya a Memorial Park ni da ita, amma sai na fara saya mata takalmi, don wanda take da shi na ƙwallon kwando ne.